Hannun da Ke Miƙa wa Baba Harsashi

In lokacin kuke so ku sani, to bayan rigimar nan ce da aka yi tsakanin mutanen gari da na Sabon Gari, wadda ta sa muka yini a ɗaki an tokare ƙofa da turmi. An riga an kawo famfo bakin layinmu, amma tutar Bature ba ta sauka ba tukuna. Dalar gyaɗa na nan tsaye wajen tasha, in ka hau katangarmu kana hango kanta. Ni kuwa na wuce wasan ƙasa, ban isa aure ba, lokacin ne ma na fara ɗaura zani a ƙirji ina jin ni ma mutum ce. Shekara da lamba kada ku tambaye ni. Ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin na rasa wani abu ba, don abin da na gani da idona yana nan a kaina daram, ba sai na buɗe takarda ba.

Faggen da nake faɗa muku ba wannan ba ce da adaidaita sahu ke neman take wa mutum ƙafa, ga 'yan dako da dilolin atamfa a ka suna ta ihun a ba su hanya. Faggenmu zango ce. Da safe kukan raƙuman Buzaye ne ke tashe mu, sai lugude daga gida zuwa gida, sai jirgin ƙasa ya yi kuwwa daga can, kaji su watse. Ran Lahadi kuma iska ta kwaso mana ƙararrawar coci daga Sabon Gari, Inna ta ce, "Makwabta sun tafi tasu sallar." Inda kuke cewa Bata yanzu, inda ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai, na sha tsayawa can da ƙwaryar fura a kaina ina jin kukan kurciya.

Babana maharbi ne, ɗan maharbi. Da bindigar toka ya tashi, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a cusa tsumma, a danna da sandar ƙarfe. Irin wannan bindigar ba a amince mata, don wata rana sai ta fashe a hannun mai ita. Shi ya sa maharban da ba sa manna ta da jiki. Sako-sako suke riƙe ta, ƙota ba ta zama a kafaɗa, in za su ja kunama kuma su ɗan kau da fuska. Haka kakana ya koya wa Baba, haka jikinsa ya saba. Daga baya ya yi wa wani Baturen kamfanin gyaɗa aikin bin sawu a daji, da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa bindigarsa, ya kuma tsaya aka yi masa takardar izini. Bindiga ce mai sakata a gefe, ka ja baya, ka tura gaba, harsashi ya hau. A duk Fagge ba wani baƙar fata mai irinta. Harsashinta siriri ne kamar yatsana, ba ta da harbin baya sosai, saboda haka Baba ya ci gaba da riƙe ta irin riƙonsa na da, ba ta taɓa yi masa komai ba.

Baba bai sami ɗa namiji da ya rayu ba, ni kaɗai ce. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Ni ce mai kula da bindigar. In ya dawo daga daji ni nake goge ta, in zura tsumma a bututun da igiya, in shafe ƙarfen da man shanu, in murza fatar da aka ɗinke ƙotar da ita har sai ta yi sheƙi. A cikin fatar nan akwai layun kakana. Ko Inna ba ta taɓa bindigar, Gwaggo kuwa, yayar Baba da ke zaune tare da mu, ko kusa da ita ba ta zuwa. Amma babban aikina ba wannan ba ne. A gidanmu akwai al'ada tun kakanni: maharbi ba ya ɗaukar harsashin farko da kansa, sai wata ta jininsa da ba ta yi aure ba ta ɗora masa a tafin hannu. Gwaggo ce ta yi wa kakana, ni kuma nake yi wa Baba. Ranar fita farauta, bayan sallar asuba, zan wanke hannuwana, in tsaya a zaure. Shi kuma zai miƙo hannun dama ba tare da ya dube ni ba, in ɗora masa, ya ce bismillahi. Tun da na fara bai taɓa dawowa hannu sake ba. Matan unguwa har cewa suke, "Hannun yarinyar nan da albarka yake," masu ƙosai su ce in fara taɓa musu ƙullu. Yanzu 'yan mata da waya suke taƙama. Ni da hannuna na yi taƙama, kuma na fi su dalili.

Ɓauna ce ta ɓata komai. Wata kaka Baba ya tafi dajin kudu da abokin farautarsa, wani dogon Buzu mai yawan dariya. Suka haɗu da wani tsohon sa na ɓauna da ke ɓarnar gonakin mutane. Baba ya harbe shi a inda ya kamata, bai faɗi ba. Ya ƙara, bai faɗi ba. Dabbar ta juyo ta ɗauki Buzun nan da ƙaho ta farke masa cinya, ta shige duhuwa da harsashi a jikinta. A kan jaki aka kawo shi Fagge, ya rayu, amma bai sake tafiya daidai ba. Baba ya daina cin abinci sosai. Ya zauna a zaure yana juya ɗan harsashin nan a hannu, yana cewa, "Wannan na gada da barewa ne. Ni na kai mutum gaban ɓauna da tsinke."

Wani direban kamfani ne ya ba shi labarin wani fita, wato makanikin ƙarfe, a Sabon Gari, Ibo ne, ya yi aiki a loko wajen gyaran jirgin ƙasa, yanzu yana gyara keken hawa da keken ɗinki, Turawa kuma suna kai masa bindigoginsu. Aka ce yana iya mai da bindiga ta ci babban harsashi irin wanda ake kashe giwa da shi. Gwaggo ta ce, "Sabon Gari? Jiya-jiya aka gama jifan juna, yau za ka ɗauki gadon gidanmu ka kai musu?" Baba ya ce, "Yaya, ba gadon gidanmu ba ne, Bature ya ba ni. Kuma mutumin nan ban ji an ce ya jefi kowa ba." Ya naɗe bindigar a tabarma ya fita. Da rana Inna ta dama fura ta ce in bi shi da ita.

Rumfar kwano ce a bayan gidan haya, ƙasa duk baƙin mai, garmaho na tashi daga wani ɗaki. Fita gajere ne mai furfura a gefen kai, Hausarsa ta fita sarai. Na tarar an shimfiɗa bindigarmu a kan tebur, an zare mata sakata, kamar akuyar da aka feɗe. Wata yarinya sa'ata ce tsaye a kanta, da 'yar riga iya gwiwa, da fensir a bayan kunne, kitsonta na zare tsaye cirko-cirko. 'Yarsa ce. Idonsa ya fara rauni, ita take karanta masa ƙananan lambobin da ke jikin wani ɗan ƙarfen awo mai baki kamar na ƙaguwa. Sunanta na coci na san shi, amma 'Yar Fita muke ce mata. Ta ɗauki sakatar, ta kai hanci, ta yamutsa fuska.

"Wa yake shafa mata man miya?"

Na ce, "Man shanu ne. Ni ce."

"To shi ya sa take nauyi. Dubi yadda ya daskare. Bindiga ai ba tuwo ba ce."

Baba ya yi dariya. Tun da aka kawo Buzu a kan jaki ban ji dariyarsa ba sai ranar, kuma a kaina aka yi ta. Na ajiye furar da ƙarfi har ta fantsalo. Bai ma lura ba, don Fita ya buɗe wani ɗan akwati ya fito da harsashin ya tsayar kusa da namu. Ya fi tafin hannuna tsawo, ga kauri, ga wata 'yar ɗamara a gindinsa. Magnam suke ce masa. Namu kusa da shi kamar ɗan tsako kusa da zakara. Fita ya ce, "Maharbi, aikin nan ba na kwana biyu ba ne. Bututun nan ba zai ɗauka ba, sai an sauya. Ina da na wata bindigar Bature da mota ta taka ƙotarta, zan yanka masa zare irin na noti, a murɗa ya shiga. Bakin sakata sai an faɗaɗa shi ya kama gindin wannan. Gidan harsashi sai an ƙara masa tsawo. Itacen kuma in ban soka masa ƙarfe a tsakiya ba, harbin farko zai tsage." Baba ya ce, "Yi duk abin da za ka yi, in dai za ta kayar da ɓauna."

Aikin ya ci rani guda. Kullum Baba na can zaune a kan wata tsohuwar taya, kullum ni ce mai kai fura, kullum kuma sai na ga abin da zai hana ni barci. Fita na goga magagari a hankali, ya goga kaɗan ya tsaya, ya miƙa wa 'yarsa, ta auna ta faɗi lamba da Turanci, ya ƙara gogawa. Ta ɗauki kwanson harsashi ta shafa masa baƙin fitila, ta tura a bututu, ta zaro, ta nuna wa Baba inda baƙin ya goge, ta ce nan ne yake cijewa. Baba ya sunkuya, kansa kusa da nata, yana cewa, "Ikon Allah! Ashe haka ne?" Ni da na yi shekara da shekaru ina goge bindigar nan bai taɓa tambayata yadda wani abu yake a jikinta ba. A hanyar dawowa ba shi da zance sai nata. "Uwata, kin ga yarinyar nan? Idonta kamar na shaho." Ko zancen daddawa a miya ake yi, sai ya san yadda ya sako ta. Ya fara ce mata 'yata. Ita kuma ba kunya ba tsoro ta ce masa Baba, har tana tsokanarsa wai rawaninsa zai shiga injin juya ƙarfe.

Ranar da ta fi ƙona mini rai ita ce ranar fata. Za a huda ƙota a soka ƙarfen nan, dole a cire fatar. 'Yar Fita ta ɗauko reza ta fara farke ɗinkin da na yi shekaru ina murzawa da yatsuna. Na yi tsalle na riƙe hannunta.

"Ke! Kin san abin da ke ciki?"

"Ban sani ba. Na san dai abin da ke ƙarƙashi, itace ne, kuma shi muke nema."

Na dubi Baba ina jiran ya tsawata mata. Ya ce, "Sake ta, Uwata. Karɓi layun ki kai wa Innarki ta ajiye." Na ƙunso su a gefen zanina, na taho Fagge ina kuka a hanya, mutane na zaton aike na ɓatar. Fita ya so ya manna wa gindin ƙotar roba mai kauri da ya yanko daga tayar mota, wai don ta rage duka. Nan kaɗai Baba ya ƙi. Ya ce shi ba zai shiga daji da takalmi a gindin bindiga maharba su yi masa dariya ba. Wallahi na ji daɗin wannan ƙin, don ita ce ta yanko robar.

Da aka gama, aka sa ranar gwaji. Muka fita da hantsi can bayan filin jirgin sama, wajen wani tsohon kududdufi da ya ƙafe, akwai babban suri a bakinsa. Da Baba, da Fita, da 'yarsa riƙe da akwatin harsashi, da wasu maharba abokan Baba, da Buzu yana ɗingishi da sanda, da ni da goran ruwa a hannu. Aka jingina wani gungumen kirya a jikin surin. Fita bai yarda kowa ya fara harbawa ba. Ya ɗaure bindigar a jikin taya, ya ƙulla doguwar igiya a kunama, ya sa duk muka kwanta a bayan tudu, sannan ya ja. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Tsuntsaye suka tashi daga kowace bishiya, tayar da kanta ta ja da baya. Aka je aka duba, harsashin ya ratsa kiryar ya shige suri. Fita ya zare sakata, ya duba kwanson ta kowane gefe, ya miƙa wa 'yarsa ta duba, suka gyaɗa kai. Buzu ya ce, "Kai! Da wannan muka je da yanzu ina rawa da ƙafata."

Sai Baba ya ɗauki bindigar. Idonsa na kan gungumen, fuskarsa na haske kamar ango. Ya miƙa hannun dama gefe, tafin a buɗe, bai dubi kowa ba, yadda ya saba yi a zaure. Ni ina bayansa, hannuna biyu na riƙe da gora. Kafin in sami inda zan ajiye shi, 'Yar Fita ta buɗe akwati ta ɗora masa. Ya ce bismillahi, ya tura sakata. Bai san hannun wa ba ne. Wannan ne abin da har yau ban manta ba: hannuna da na wata ɗaya ne a tafinsa.

Ta ce, "Baba, matse ta a kafaɗa sosai, kamar ka rungumi yaro. Kada ka bar fili. Ka kuma kwantar da kumatunka a kanta."

Ya ce, "'Yata, tun ba a yi auren uwarki ba nake harbi."

Maharba suka yi dariya. Ya ɗaga ta sako-sako irin riƙon kakana, ƙota na lilo a gaban kafaɗa, ya kau da fuska, ya ja kunama. Filin nan da ya bari shi ya ba ta hanya. Ta taso da dukkan ƙarfinta ta daki ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa. Na ji ƙarar karyewar a cikin ƙarar harbin, ko kuwa zuciyata ce ta ji, oho. Baba ya zauna daɓas a ƙasa, rawani ya warware, bindiga ta faɗi gefe, hannunsa na dama ya saki kamar ba nasa ba. A kan keken Fita aka turo shi har Fagge, ina gefe ina riƙe da rigarsa.

Maɗorin Rijiyar Lemo ya zo ya ɗora shi, ya ɗaure da karare da tsumma. Kafin la'asar Gwaggo ta ji yadda aka yi daga bakin maharba. Ta tsaya a tsakar gida ta tafa hannu. "Harsashin farko daga hannun baƙuwa! Wadda ba jininmu ba, ba addininmu ba! Ga 'yar gida tsaye da hannunta mai albarka aka bar ta da gora. Me kuke jira ya faru?" Zancen ya fita ta zaure, ya bi famfo, ya shiga kasuwa. Ba ni na kai shi ba, ban kuma tsaya tare shi ba, don me zan tare? Mata suna zuwa dubiya suna kama hannuna suna shafawa. Ni nake gasa wa Baba kafaɗa da ruwan zafi, ni nake ba shi abinci a baki, ni nake kore masa ƙuda. Ban taɓa jin daɗin jinya irin wannan ba. Jira kawai nake ya buɗe baki ya ce, Uwata, na yi kuskure da ban duba ba.

Amma zancen bai tsaya inda Gwaggo ta ajiye shi ba. Garin bai gama hucewa daga waccan rigimar ba. Masu kai keke gyara wurin Fita daga Fagge suka daina. Aka fara cewa da gangan ya lalata bindigar, aka ce 'yarsa mayya ce. Wasu samari suka je suka yi wa rumfarsa ruwan duwatsu. Ana cikin haka sai ga 'Yar Fita da uwarta sun zo dubiya da lemo da burodi a kwando. Gwaggo ta tare su a zaure ta ce mai gida na barci. Baba ya jiyo daga ɗaki, ya ɗaga murya, abin da ciwon bai bari ya yi ba tun ranar.

"Yaya, bar 'yata ta shigo."

Ta shigo ta durƙusa, idonta ya kumbura don kuka. Ɗakin cike da 'yan dubiya. Baba ya ce, "Ku ji da kunnenku. Yarinyar nan ta faɗa mini yadda zan riƙe, na yi mata dariya. Ubanta ya ce a sa roba, na ƙi. Riƙon bindigar toka na yi wa bindigar da ba ta toka ba. Ba hannun kowa ba ne, kafaɗata ce da taurin kaina." Ina zaune a gefensa da ƙwaryar ruwan zafi a cinya. Ko sau ɗaya bai ce hannuna ne aka tsallake ba.

Mutane suka ji, amma ba su yarda ba. Suka ce kawaici ne irin na Baba. Gwaggo ta ce, "Ku bari ya warke. Ranar da 'yar gida ta miƙa masa ya dawo da nama, kowa zai ga gaskiya." Ni ma ranar nake jira. Ƙashi ya haɗe, ya bar ɗan tudu a ƙarƙashin fata. Baba ya koma Sabon Gari aka manna robar. Ya yi ta zuwa kududdufin nan yana koyon sabon riƙo kamar yaro, 'Yar Fita na gyara masa gwiwar hannu, ni kuwa na ce ba ni da lafiya, ban sake binsu ba. Da aka yi girbi, labari ya zo daga kudu cewa san ɓaunar nan ya dawo gonaki.

Ranar tafiya na tashi tun kiran farko. Na wanke hannuwana da sabulun salo har sau nawa ban sani ba, na sa zanina na Salla. Da aka fito masallaci zauren ya cika, don kowa ya san abin da aka zo gani. Gwaggo na bakin ƙofar cikin gida. Baba ya rataya bindiga, ya ajiye akwatin harsashi a kan dakali. Na matso, na kai hannu zan buɗe. Sai ya dafa murfin.

"Uwata, riƙe hannunki."

Na zaci ban ji daidai ba. Ya buɗe da kansa, ya ɗauki harsashin da yatsunsa, ya ɗaga kowa ya gani. Gwaggo ta ce, "Kai! Abin da ubanmu bai taɓa yi ba?" Ya ce, "Shi zan yi, Yaya. In Uwata ta miƙa mini na dawo da nama, kun gama yanke wa 'yar mutane hukunci ke nan, ba za ta sake ratsa Fagge lafiya ba. Daga yau ni zan ɗauka. In na dawo da nama, kada wanda ya ce hannu ne. In ban dawo ba, kada wanda ya ce hannu ne." Ya ce bismillahi ya fita. Na tsaya a gaban mutanen unguwa da wankakken hannu ba abin da zan yi da shi. Na san yana da gaskiya, tun a lokacin na sani, ba sai wani ya zaunar da ni ba. Amma abina ne ya ɗauka ya biya mata da shi, bai kuma tambaye ni ba.

Ya dawo da ɓaunar. Harbi ɗaya, in ji waɗanda suka raka shi. Jakuna suka shigo Fagge da banda, ƙahon kuwa aka kai wa Buzu ya rataye a ƙofarsa. Zancen maita ya mutu, masu keke suka koma Sabon Gari, masu ƙosai kuma suka daina kirana in taɓa musu ƙullu. Da aka zo rabon nama, Baba ya ware tsoka mafi kyau ya sa a ƙwarya ya rufe da faifai, ya ce, "Uwata, kai wa 'yar'uwarki." Na ɗauka. Na ratsa Fagge da shi a kaina, kaina a miƙe, ban yi kuka ba, na dire mata a kan teburin ƙarfe na juyo ban jira godiya ba. Baba ya yi shekaru yana farauta bayan nan, ban sake tsayawa a zaure da asuba ba, a gidanmu kuma ba wata 'ya da ta sake yi.

Yanzu duk sun tafi. Baba ya rasu, Inna ta bi shi, Gwaggo ta riga su. Buzu ya koma ƙasarsu ya mutu can. Bindigar hukuma ta karɓe lokacin yaƙin basasa, ba a dawo da ita ba. Fita ya tafi kudu da iyalinsa a tashin hankalin da aka yi gab da yaƙin, can ƙasa ta rufe shi. Cikin waɗanda suka ji ƙarar nan a bakin kududdufi ko suka ga jinyar, saura autan maɗori da ke Rijiyar Lemo, ya makance, sai ni, sai 'Yar Fita. Ta dawo bayan yaƙi, ta ce ba ta iya zaman ko'ina sai Kano. Tana nan Sabon Gari, gashi fari fat, jikarta ke kawo ta a adaidaita duk Salla. Takan zauna a nan inda kuke zaune, mu gaisa, mu lissafa ciwon gwiwa, in sa a kawo mata abinci, don ni ba a zuwa gidana a tashi da yunwa. In za ta tafi sai ta kama hannuna ta ce, "Allah ya jiƙan Babanmu."

Ni kuwa in ce, "Amin. Babana."